Baba ya ƙi barin ƙauye, matar autanmu kuma ta gaji: ina mafita?

Ɗan Fari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya zo kaina. Mahaifinmu yana wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, ya haura shekara 80. Da daminar bara ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci bayan la'asar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mun yi kwana 19 a asibiti a Kano, da aka sallame mu ya kafe sai gida. Innarmu ta rasu tun 2016.

Mu bakwai ne, maza huɗu, mata uku. Ni ina Kano, mai bi mini yana Fatakwal, na ukun yana Abuja, matan kowacce tana ɗakin mijinta. Autanmu kaɗai ya rage a gida. Shi ke noma gonar gandu, shi ke ɗaga Baba ya yi masa wanka. Sauran aiki kuwa, dama kunu, wankin zannuwan da ya ɓata, zubar da fo, tashi cikin dare in ya yi kira, duk matar autan ce, ga goyo a baya ga wasu yara biyu. Mu na birni muna haɗa kuɗi duk wata mu aika, ni nakan sa dubu 40.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta tattara ta tafi gidansu. Mahaifinta ya ce ba faɗa aka yi ba, amma ba za ta dawo ba sai an yi tsari. Na ce to a kawo Baba wurina, ina da ɗaki kusa da soro. Da aka gaya masa sai ya juya fuska bango, ya ce nan aka binne cibiyarsa, kuma kusa da Innarmu za a sa shi. Yanzu in ɗauko shi ko yana so ko ba ya so? In na bar shi, wa zai riƙe shi? Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni shawara.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ni a ganina ka ɗauko shi kawai. Majinyaci ba shi ke zaɓar inda zai kwanta ba. Zai yi fushi na kwana biyu ya huce.

Uwar Biyu:
Ɗan Fari, ka yi haƙuri zan faɗi abin da ba za ka so ji ba. Shekara guda cur yarinyar nan tana wanke kashin mutumin da ko sunansa ba ta iya faɗa don kunyar surukuta. Cikinku wa ya taɓa kiranta ita kanta a waya ya ce sannu? Kuɗin da kuke aikawa hannun wa yake shiga, nawa ne nata a ciki? Na san amsar, domin ni ma na yi wannan zaman. Shekara uku na yi jinyar uwar mijina, ranar da ta rasu 'ya'yanta mata suka zo daga birni da manyan mayafai suna ta kuka, ni kuma aka ce in je in hura wuta baƙi sun iso. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mahaifin yarinyar nan dattijon kirki ne, wani da tuni ya aiko a ba 'yarsa takarda.

Ɗan Fari:
Hajiya Uwar Biyu, ban ji haushi ba. Gaskiya ban taɓa ware mata wani abu da sunanta ba, sai kayan sallah.

Abu Sumayya:
Haba Hajiya, ai lada take nema. Uban mijinki ubanki ne. Iyayenmu mata haka suka yi ba su ce a biya su ba.

Almajirin Zaure:
Malam Abu Sumayya, a nan akwai gyara. Lada kam tana samu in ta yi don Allah, amma shari'a ba ta ɗora wa mace hidimar iyayen mijinta ba. Kyautatawa ce daga gare ta, in ta bari ba ta yi zunubi ba. Waɗanda aka yi wa magana kai tsaye su ne 'ya'ya. Ku duba Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24: idan ɗayansu ko dukkansu biyu suka tsufa a wurinka, kada ka ce musu ko "uf". A Risala ma da muka karanta a zaure an faɗa ƙarara cewa ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa, kuma malaman Malikiyya ba su ware namiji kaɗai ba, 'ya macen da take da hali ita ma yana kanta. To 'yan'uwan Ɗan Fari mata uku ba su fita daga lissafi ba don suna gidan miji.

Batun ɗauko shi da ƙarfi kuma, in hankalinsa yana nan daram, ban ga hujjar ba. Ciwon ƙafa da hannu ba ya cire wa mutum ikon kansa.

Gwaggon Yara:
Tambaya ɗaya gare ka Ɗan Fari. Ka ce kana da ɗaki kusa da soro. Kai da safe kasuwa za ka tafi ko ofis. Wa zai zauna da shi? Ka tambayi matarka kuwa, ko dai za ka kwashe kayan daga kan wata ka ɗora wa wata?

Uwar Biyu:
Yauwa Gwaggo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Malamar Jinya:
Ni ba zan shiga batun wa ya kamata ba. Shekara 14 ina aikin jinya, zan faɗi abin da majinyaci irin Baba yake buƙata, ku sai ku auna inda za a fi samunsa.

Na farko maganin hawan jini. Mafi yawan shanyewar ɓarin jiki da muke gani hawan jini ne silarsa, kuma wanda ya taɓa yi yana cikin haɗarin sake yi. Kuskuren da ake yawan yi a ƙauye shi ne a sha magani wata ɗaya, a ga sauƙi, a daina. Ba a dainawa sai likita ya ce. Ku sayi na'urar awon jini ta batir, ku koya wa autanku, ya riƙa rubutawa a littafi da kwanan wata. In ana ta ganin 140 bisa 90 ko sama da haka, a nuna wa malamin asibiti. A rage gishiri da dunƙule a miyarsa. Kuma don Allah a daina sayo masa maganin ciwon jiki barkatai daga kemis, irin su diclofenac da ibuprofen suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda da ciki, musamman ga tsoho.

Na biyu, kwanciya. Mutumin da ba ya iya juyawa da kansa a juya shi kamar duk awa biyu. Kullum a duba ƙugunsa, duwawu, kafaɗa da dunduniya. In aka ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu bai koma ba, gyambo ne ke shirin fitowa. Na ga dattawan da ba shanyewar ce ta tafi da su ba, gyambon kwanciya ne ya ruɓe ya shiga jini. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zani, kada fatarsa ta kwanta kan ledar kai tsaye, a canza da zarar ya jiƙe.

Na uku, ci. Kada a ɗura masa kunu yana kwance. A zaunar da shi, a ba shi a hankali, mai ɗan kauri ya fi mai ruwa-ruwa sauƙin haɗiya ga wanda yake shaƙewa. In abinci yana zarcewa huhu, ciwon huhu ne zai biyo baya. Da sanyi kuma a kula da kaskon wuta, ɓangaren da ya shanye ba ya jin zafi sosai, sai ya ƙone bai sani ba.

Ranar da kuka ga baki ya sake karkacewa, ko harshe ya yi nauyi, ko hannun mai lafiyar ya saki, ba jiran motar kasuwa. A nemi mota a take. Ku ajiye lambar direba biyu da kuɗin mai a gefe tun yanzu.

Duk wannan ana iya yi a ƙauye. Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba ne, ko a ƙauye ko a birni.

Ɗan Fari:
Allah ya saka da alheri Malama. Batun juyawa duk awa biyu wallahi ban taɓa ji ba. A asibiti an ce mu riƙa kai shi gashi, wato motsa masa gaɓoɓi, mun je sau huɗu muka gaza, kuɗin mota daga can ya fi kuɗin gashin.

Malamar Jinya:
Haka ne, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutanen ƙauye da yawa suka daina zuwa ganin likita a kan lokaci. Ka je da autanku wurin masu gashin sau ɗaya, a nuna masa yadda ake miƙe gaɓoɓi da lanƙwasa su, ka ɗauka a waya. Kullum safe da yamma a yi masa a gida, don kada hannun ya ƙage.

Bagusaje:
Ku da kuke da zaɓi ku gode wa Allah. Mu ba mu zaɓa ba. A watan Satumban 2021 da aka datse layukan waya a Zamfara, sati uku ban ji muryar mahaifiyata ba, ban san tana raye ko ba ta raye ba. Da hanya ta ɗan samu na je na ɗauko ta zuwa Gusau, ƙauyen ma daga baya ya watse. Na ba ta ɗaki mai silin da fanka, ga abinci sau uku. Amma tsohuwar da take tashi da asuba ta ba awaki dusa, ta zaga gidajen maƙwabta barka da gaisuwar mutuwa, sai ta koma zama tana kallon bango. Kullum tambayarta an yi ruwa a gida? An yi shuka? Ba ta cika shekara biyu ba. Ban ce ƙaura ce ta kashe ta ba, kwana ne ya ƙare, amma na ga yadda ta riƙa narkewa. In garinku lafiya lau ake kwana, Ɗan Fari, ka yi tunani sosai kafin ka tumɓuke shi.

Hajiyar Kurna:
Allah ya jiƙan Inna, Bagusaje. Amma ba kowa ne haka ba. Ni na ɗauko babarmu daga wajen Ɗambatta shekara shida ke nan, kuma ta fi ƙiba yanzu. Dabarar da muka yi, ba mu ce mata ƙaura ba ce. Muka ce ta zo a duba idonta, don yanar ido ta rufe shi. Aka yi mata aiki ta gani, ta zauna rani. Da damina ta faɗi muka mayar da ita ta ga gonarta, da kaka ta dawo da buhun geronta da kajinta biyu. Haka muke yi har yau, rani a Kano, damina a gida. Ita ma matar ƙanina tana samun hutun wata shida.

Abu Sumayya:
Wannan dabara ta yi. Na janye maganar ɗaukowa da ƙarfi, amma har yanzu ina ganin kusa da asibiti ya fi.

Bamaraɗe:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan wajen Tasawa abin ya fi haka tsanani, don samari da an gama girbi sai bida, wato ci-rani, wasu Agadas, wasu Aljeriya ko Libiya, wasu Najeriya. Gari sai tsofaffi da mata da yara. Tun 2006 gwamnati ta ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a likita, amma tsoho sai ya biya. Mahaifina da can Katsina muke kai shi, da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 muka sha wuya ƙwarai kafin a buɗe.

Abin da muka yi a gidanmu: mu biyar ne maza, muka yi yarjejeniya gaban kawunmu cewa ba za a taɓa watsewa duka ba. Kowace shekara mutum guda ba ya zuwa bida, yana gida wurin tsoho, sauran huɗun kowa ya ba shi abin da aka yanka, ba a matsayin taimako ba, a matsayin haƙƙinsa, tunda shi ma da ya tafi da ya samo. Bana ni ne a gida. Ba daɗi, amma ba wanda ke yi wa wani gori.

Tsohon Hedimasta:
Bamaraɗe ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni shekarata 71, don haka da bakin waɗanda ake magana a kansu zan yi magana. Da can gandu ne ke riƙe tsoho. 'Ya'ya maza suna noma tare da uba, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, gida cike da matan 'ya'ya da jikoki, aikin tsoho guda yana rabuwa hannu goma ba wanda ya ji nauyi. Yanzu gandu ya watse, kowa ya kama gabansa, amma muna so hidimar ta tafi yadda take a da. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma ku daina shirya mana rayuwa a bayan idonmu. Ku zauna da Baba, ku gaya masa gaskiya: yarinyar nan ta gaji, ga abin da muke iyawa, ga abin da ba ma iyawa, me ka gani? Za ku sha mamaki. Tsoho ya fi tsoron a mayar da shi kaya fiye da tsoron mutuwa.

Direban Tirela:
Baba Hedimasta Allah ya ƙara girma. Ni tawa matsalar banki ce. Mahaifina tsohon ma'aikaci ne, 'yan kuɗin fanshonsa ta asusu suke shiga. Katinsa ya mutu, aka ce sai ya zo da kansa. Mutum ba ya tafiya, muka ɗauko shi a bayan mota kilomita kusan 60, muka shiga da shi a kan kujera, na'ura kuma ta ƙi karɓar yatsansa don fartanya ta cinye zanen. Sau uku muna zuwa. Shawarata ga kowa, tun iyaye suna da ƙafa a gyara musu komai: lambar NIN, BVN, suna ya zama iri ɗaya a duk takardu, layin waya da sunansu, a san inda takardun gona da na fansho suke.

Ɗan Birnin Kudu:
Tunda an zo batun takardu, Ɗan Fari ka bincika inshorar lafiya. A 2022 aka sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, kuma akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ake yi wa marasa ƙarfi rajista a ƙarƙashinsa, har da tsofaffi. A Jigawa hukumar JICHMA ce ke wannan, a Kano KSCHMA. Ka je asibitin mazaɓarku ka tambayi mai kula da shi ko ana ɗauka, ka tafi da NIN ɗin Baba. Gurbi ne ake bayarwa, ba kowa ke samu ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi.

Sarkin Shakka:
Hmm. Akwai ma cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a Abuja, an yi dokarta, an naɗa shugabanni a 2021. Ku tambayi tsohon da ke kwance a ɗakin azara ko ya taɓa jin sunanta. Ni dai ban hana kowa nema ba, amma kada a gina shiri a kan abin gwamnati. In ya zo riba.

Ɗan Birnin Kudu:
Ban ce a gina a kai ba Malam. Ko maganin hawan jini kaɗai aka ɗauke maka duk wata ai an rage.

'Yar Zango:
Mu a Kumasi wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya, sabunta kati kawai ake yi. Yana taimakawa wajen ganin likita. Amma kati ba ya juya majinyaci cikin dare, kakata ni da ƙanwar babana muke kwana da ita bi da bi.

Maman Ilham:
Don Allah ku ba ni dama in sako tawa, ta ɗan bambanta. Kakarmu a ƙauye jikinta lafiya lau, kanta ne ya rikice. Tana fita tsakar dare ta ce za ta ɗebo ruwa, tana kiran waɗanda suka mutu shekara 30, ta ɓoye tuwo a ƙarƙashin katifa ta ce an sace. Wata rana aka tsince ta da asuba a bayan gidan wasu da yaronsu ba shi da lafiya. Kun san sauran. Har an fara cewa a sa ta ta tsallaka yaron. Na yi kuka ranar kamar raina zai fita.

Malamar Jinya:
Innalillahi. Maman Ilham, wannan cutar mantuwa ce, wadda muke cewa gigin tsufa. Ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa a hankali, ba maita ba ce, ba aljanu ba ne. Ku kai ta a duba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna da na Kware a Sakkwato. Ba a warkar da ita, amma wani lokaci akwai abin da ke ƙara rikita tsoho wanda ake iya magancewa, kamar ciwon fitsari ko rashin barci. A gida kuma a sa sakata sama inda hannunta ba ya kai, a rataya ƙararrawa a ƙyaure, a bar fitila a kunne. Kada a yi musu da ita in ta kira mamaci, a bi ta da lallashi. Kuma ku je wurin liman da mai unguwa tun wuri ku yi musu bayani, su faɗa wa jama'a da bakinsu. Kariyarta tana nan.

Almajirin Zaure:
Alƙur'ani ma ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, a Suratun Nahli aya ta 70. Abin tausayi ne, ba abin jifa ba.

Baƙon Ingila:
Ina karanta ku ina jin kunya. Aikina a nan kula da tsofaffi ne a gidan da ake ajiye su. Awa 12 nake yi ina wanke iyayen wasu, ina ba su abinci a baki, ina rubuta sau nawa aka juya kowa, uwata kuma tana ƙauye wajen Malumfashi ƙanwata da aurenta ya mutu ce ke riƙe da ita. Abin da na koya a nan ɗaya ne: wannan aiki ne, ana biyan mai yinsa, yana da ranar hutu. Shi ya sa na yanka wa ƙanwata albashi daban da kuɗin cefane, kuma na ɗauki wata dattijuwa maƙwabciya tana karɓarta kwana biyu a mako. Ban ce a kawo mana gidan ajiye tsofaffi ba, na ga kaɗaicin da ke cikinsa.

Abu Sumayya:
Allah ya kiyaye mu da kai iyaye gidan gajiyayyu. Wannan sai wanda ba shi da kowa.

Sarkin Shakka:
Muna ƙyamar gidan gajiyayyu, amma tsoho nawa ne ke kwance shi kaɗai a ɗakin ƙofar gida, yana da 'ya'ya goma, sai almajiri ne ke miƙa masa ruwa? Wannan wane suna za mu ba shi?

Lauyan Kauye:
Bari in dawo da mu kan Ɗan Fari, akwai abin da ba a taɓo ba: gonar. Autanku yana noma gandu yana jinya, ƙuruciyarsa tana tafiya. Ranar da ta Allah ta kasance, ku bakwai za ku zo a raba gado, shi da wanda bai taɓa kwana ɗaya a ɗakin Baba ba kaso ɗaya za su ɗauka, don rabon gado ba ya duba wahala. Nan ake samun gabar da ba ta ƙarewa. Kuma Baba ba zai iya cewa in na mutu a ba shi gona kaza ba, domin babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi. In ana so a saka masa, ko dai ku 'yan'uwa ku yanka masa lada yanzu daga aljihunku, ko ku amince a rubuce cewa amfanin gonar nasa ne muddin yana riƙe da Baba. Kyautar gona daga Baba kuwa tana da sharuɗɗa, sai an karɓa an mallaka tun mai bayarwa yana raye, kuma kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncinta daban ne. Ku tambayi malami ko alƙali kafin ku yi, a yi gaban dagaci da shaidu, a rubuta.

Uwar Biyu:
A rubuta har da nata. Kada a ce an ba miji shi ke nan an ba ta.

Gwaggon Yara:
Ni har yanzu ban ji amsar tambayata ba.

Ɗan Fari:
Gwaggo na tambayi matata daren jiya. Ta yi shiru, sannan ta ce za ta iya wata uku ko huɗu in za a samo yaron da zai riƙa ɗaga shi da yi masa wanka, amma kada in yi mata alkawarin da ba ranar ƙarewa. Na ga gaskiyarta.

Ga inda muke. Na kira 'yan'uwa. Ƙanwata da ke Haɗeja ta ce mijinta ya yarda ta je ta yi sati biyu yanzu, kafin a daidaita. Na Abuja ya yarda a ƙara kuɗi a ware wa matar auta nata, a kuma ɗauki wani ɗan baffanmu da ke zaune ba aiki ya riƙa kwana da Baba. Na Fatakwal ya ce shi yana ganin raina mu aka yi, wai don me za a biya mace ladan hidimar gidan mijinta, ya kashe waya. Sauran mata biyun ɗaya ta ce sai ta shawarci maigida, ɗayar ba ta ɗauka ba.

Tsohon Hedimasta:
Na Fatakwal ɗin ku ce masa ba komai, ya ɗauki hutu ya zo ya yi sati ɗaya shi kaɗai da Baba, dare da rana. Bayan nan a sake shawara. Shi Baban fa, an zauna da shi?

Ɗan Fari:
Tukuna Baba Hedimasta. Ranar Alhamis zan bi motocin kasuwar Maigatari in je. Zan fara biyawa gidan surukan auta da goro in ba da haƙuri da bakina, sannan in zauna da Baba. Zan gwada masa maganar Hajiyar Kurna, ya zo Kano a yi masa gashi da rani, in ruwa ya sauka a mayar da shi. Ban san ko zai yarda ba.

Abu Sumayya:
In ya ƙi fa?

Bagusaje:
In ya ƙi a bar shi mana, a kai masa hidimar can.

Malamar Jinya:
Kwana shida ke nan ba mai juya shi sai autanku da ke wuni a gona. Kana isa, kafin gaisuwa ta yi nisa, ka ɗaga zanin ka duba ƙugunsa da dunduniyarsa. Ka tafi da leda yadi biyu, man shafawa, da maganin jininsa na wata biyu.

Maman Ilham:
Malama, kujerar nan mai rami da ake sa fo a ƙarƙashi, sai an saya a kantin kayan asibiti ko kafinta zai iya yi?

Direban Tirela:
Kafinta ya yi mana tamu. Ki ce ya sa mata hannu biyu na dafawa, kuma kada ta yi ƙasa sosai, tashin ne ke ba su wuya.